Shawa Mai Keke

Da mijina ya ce zai kai mu hutu ƙetare, ni da rashin wayona otal na hango, da farin zanin gado da mai kawo shayi har ɗaki. Sai da na gan shi yana cusa tanti da barguna da ƙaramin risho a bayan mota na gane inda aka dosa. Mutum ya baro ƙasarsa, ya yi shekaru yana shan wahala a ƙasar wasu don ya samu rufin da ba ya yoyo da famfon da ba ya ɗaukewa, ranar da ya samu hutu kuma ya tsallaka wata iyakar don ya kwana a kan ciyawa. Wai a nan haka masu hali suke hutawa. Na ce to, Allah ya ba mu irin halinsu, na shiga haɗa kaya.

Ba don ni aka shirya tafiyar ba, don Mama ce, uwar mijina. Ta zo mana ziyara, lokacin komawarta ya matso, sai wata maƙwabciyarta ta bugo waya ta fesa wa mijina cewa kafin Mama ta taho ta faɗi a banɗaki. Mama ta ce sharri ne, santsi ne ya ɗan kwashe ta, kuma matar nan ko kaza ce ta yi tari sai ta kai rahoto. Yayyen mijina suka yi ta bugo waya daga garuruwansu, kowa da shawararsa, babu wanda ya ce yana da ɗaki. A ƙarshe suka bar wa autansu hukunci, wai shi ne masani.

Masanin ne kuwa. A gidan kula da tsofaffi yake aiki. Shi ke tashe su da safe, ya yi musu wanka, ya shafa musu mai, ya sa musu kaya. Yana dawowa gida da ƙanshin sabulun wurin a hannunsa, ya zauna ya yi tagumi ya ce, "Kullum ina wanke iyayen wasu, tawa uwar tana can ita kaɗai da bokiti." In ya faɗi haka tausayinsa yakan kama ni, don ba da wasa yake yi ba.

Ana gobe za mu tafi ya fito mata fili a kan tebur.

"Mama, mu je mu zaga mu dawo. In na ga jikinki ƙalau, ni da kaina zan kai ki filin jirgi. In kuwa na ga akasin haka, kin zauna da mu ke nan."

"Jarrabawa za ka yi mini, Auta?"

"Hutu ne, Mama."

"Hutu da tanti. To, Allah ya kai mu."

Ni kuwa addu'ata ɗaya ce da ta Mama. Ɗakuna biyu gare mu. Ɗaya namu, ɗaya ƙarami wanda na mayar wurin kitso: kujera mai juyawa, madubi mai faɗin bango, kanta cike da mataje da mayuka, da ƙofar da nake iya rufewa. A nan nake neman na kaina, a nan kuma nake jin ni ma mutum ce a ƙasar nan. Tun da Mama ta zo aka sa mata katifa a ciki, ni na koma yi wa mata kitso a kicin, tsakanin firji da kwandon shara. In ta zauna, ɗakin ya tafi ke nan. Ba ƙin Mama nake yi ba. Na dai lura cewa in tana gidanta muna gaisawa ta waya, ba wanda ya kai mu shiri.

Ita ma ba ta ɓoye nata ba. Aurena ya tsufa har labulensa ya koɗe, amma har yau Amarya take ce mini, yadda ake kiran wanda bai gama zama ɗan gida ba. Ni kuma ban taɓa ce mata "ke" ba, sai "ku". Na taɓa cewa, "Mama, ku kawo kan na gyara muku mana," ta ce kanta ba ya son baƙon hannu. Ni da mata ke bin layi don in taɓa musu kai! Na haɗiye, amma ban manta ba.

Zangon farko a gindin wani tsauni yake. Muka kafa tanti biyu, ko in ce mijina ya kafa, suka rushe, ya sake kafawa, mu muna gefe muna ba shi shawara. Da na tambayi wurin wanka, matar da ke kula da zangon ta nuna mini wata tsohuwar tirelar ɗaukar dawakai da aka cire wa tayoyi, tana murmushi kamar ita ta ƙera ta. A ciki har yanzu akwai ƙarfen da ake ɗaure doki, a nan ake rataye tawul. Babu kan famfon da za ka murɗa. Feda ne a ƙasa, kana taka shi ruwa yana zubowa daga sama, ka tsaya ya tsaya.

Na shiga, na fito da sabulu a kunne ɗaya da ciwo a cinya. Mijina ya shiga, muka ji wani gwaram, ya fito yana cewa ba komai, ba wanda ya tambaye shi. Mama kuwa da keken ɗinki ta raini 'ya'yanta duka. Tana shiga muka ji fedan ya kama tafiya tiryan-tiryan, ba gargada, ba hutu. Ta fito fes, lulluɓe da babban mayafinta yadda ta saba, jakarta maƙale a gefen hagu.

"Wannan ai wasan yara ne," in ji ta. "Da sun sa masa allura da na ɗinka musu labulen ƙofar."

Mijina ya yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Ni kuwa daɗi ya cika ni, har na ƙara mata madara a shayi ba ta tambaya ba.

Daga nan muka ƙetare wata iyakar, muka sauka a bakin wani tafki mai sanyin tsiya. Na ɗauka na ga ƙarshen iya shege a tirelar dawakai, ashe da saura. A nan akwatin wayar tarho ne, irin na bakin titi na zamanin da, an shafe gilasansa da koren fenti, an ɗora masa baƙin tanki a ka wai rana ta ɗumama ruwan. Ranar da ake magana kuwa ko kyanwa ba za ta ɗumama ba. Daga rufin wata sarƙa ce ta sauko, sai ka miƙa hannu sama ka ja ka riƙe ruwa yake zuwa. Kana saki ya ɗauke. Wato hannu ɗaya na sarƙa, ɗaya na soso, in kuma kana son ka riƙe sabulu sai ka nemo na uku.

Da safe Mama ta riga ni shiga, na tsaya a waje da tawul a kafaɗa ina karkarwa. Na ji ruwa ya zubo, ya tsaya. Ya sake zubowa, ya tsaya. Na ji sabulu ya faɗi. Sai shiru mai tsawo, har na fara tunanin ko waya take bugawa da gaske.

"Amarya."

"Na'am, Mama."

"Ina shi?"

"Ya tafi neman burodi."

Sai ta ce, "Shigo. Ki ja ƙofar."

Na kutsa. Tana tsaye da ɗaurin ƙirji, rabin jikinta a jiƙe, hannun dama a kan sarƙar. Na hagu kuwa yana rataye a gefenta kamar ba nata ba. Babu mayafi, babu jakar da take maƙalawa a kansa, sai hannun kawai, ya rame ya fi ɗan'uwansa sirantaka.

"Riƙe mini wannan tsiyar," ta ce. "Ki kalli rufi."

"Mama, hannun ne?"

"A'a, ƙafa ce na rataya a kafaɗa. Hannun ne mana! Tun faɗuwar nan bai ƙara wuce ƙuguna ba. 'Yan yatsun ma wani lokaci sai in ji kamar na aro." Ta kafe ni da ido. "Saurara, Amarya, kada mu ɓata wa juna lokaci. Ke kina son ɗakinki, ni ina son gidana. Ƙarya na yi?"

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata, ga shi akwatin ba shi da lungu. Amma a ƙarƙashin kunyar wani sanyi na ji. Tunda nake da matar nan ba mu taɓa son abu ɗaya ba sai ranar.

"Ba ku yi ƙarya ba, Mama."

"To ki ja sarƙa, ki ja bakinki."

Na ja. Ruwan ƙanƙara ya sauko a kanmu mu biyu, ni da kayana a jiki. Ta wanke inda hannun damanta yake kaiwa, ni ina kallon rufi kamar yadda aka umarce ni, sai dai ido ba ya jin umarni. Na ga bayanta. Na karɓi soson daga hannunta ban nemi izini ba.

"Ki juya in cuɗa miki bayan," na ce. Sai na ji abin da ya fito daga bakina. "Au, ku juya, Mama..."

"Bar shi haka. Akwatin nan mutum biyu ma bai ɗauka ba, balle 'ku'."

Na cuɗa. Dattin da ya fita daga tsakiyar bayan nan ba na sati ba ne. Da na ɗan ɗaga mata hannun, ta ja iska ta haƙora, na ga ƙarƙashin hammatar ya yi ja ya saɓule saboda ba ya samun ruwa ba ya samun iska. Ɗankwalinta ya jiƙe ya zame, sai ga kan. Gashin ya cukurkuɗe ya dunƙule wuri ɗaya, tsohon kitso ya nutse a ciki ba a ganin ko tsagarsa. Ashe wannan ne kan da ba ya son baƙon hannu. Ni ina can ina kumbura wai an raina sana'ata, ita kuwa tsoron idona take yi.

Mijina ya dawo da burodi ya tarar da ni jiƙe sharkaf. Na ce masa sarƙar ce ta maƙale. Ya ce dama ya lura ba a yi mata saiti daidai ba, ya yi mini bayanin yadda ya kamata a yi ta.

Da rana ya tafi ɗaukar hoton agwagi a bakin tafki, ni kuma na zaunar da Mama a bakin tanti, na fito da mataji da mai. Kan ya ci mini lokaci. Ina warwarewa a hankali daga ƙasa, tana cije leɓe, ba ta ce wayyo ba ko sau ɗaya. Kowace mai kitso ta san cewa in mace ta ba ki baya, ba ta ganin fuskarki, bakinta yakan buɗe. Na Mama ma ya buɗe.

"Da safe na faɗi," ta ce, kamar tana ba da labarin wata. "Ina kwance ina jin masu talla suna wucewa. Na ji yara sun tafi makaranta, na ji sun taso. Yanzu duk inda rufin banɗakina yake da huda na san shi."

"Ba ki yi kira ba?"

"In kira su zo su same ni ba zani? Sai da yamma wannan mai bakin ta shigo aron almakashi. Kin ga amfanin maƙwabci marar kayan aiki." Ta yi dariya har kafaɗarta ta motsa.

Ni ban yi ba. Na ce ta daina motsi za ta karkata mini tsaga.

Muna cikin haka mijina ya dawo. Ya tsaya turus, ya ga uwarsa zaune tsakanin gwiwoyin matarsa, sai idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗauke mu hoto ya tura wa yayyensa, ya rubuta musu cewa albarkar tafiya ta fara bayyana. Mama ta yi wa hoton murmushi, ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ja mini mayafin ta hagu."

Daga ranar muka zama ƙungiya. Ni ke ɗaura mata ɗankwali kafin ta fito daga tanti. In zan miƙa mata kofi ta dama nake zagayowa. In za a hau tudu sai in ce ni ce na gaji, in riƙe ta wai ta taimake ni, mijina yana gaba yana cewa in ji kunya, tsohuwa ta fi ni ƙarfi. Wata safiya har lacca ya yi mana a kan alamomin da ake gane tsoho ya fara gazawa. Ya ce abu na farko da ma'aikaci yake dubawa shi ne wanka, don a nan asiri yake tonuwa. Mama ta gyaɗa kai ta ce lallai ilimi ya yi, Allah ya ƙara basira. Ba laifinsa ba ne. Tsofaffin wurin aikinsa a tuɓe yake ganinsu, uwarsa kuwa daga fuska sai tafin hannu.

A hanyarmu ta zuwa zango na ƙarshe muka tsaya shan mai, Mama tana barci a baya. Mijina ya jingina da mota ya ce, "Ina jin na yi kuskure. Matar nan ta fi ni lafiya." Ya kalle ta ta gilashi. "Na so ta zauna, wallahi na so. Amma ba zan tsare ta a kan ƙarya ba. Muna komawa zan kai ta."

Shi ke nan, na ci. Ɗakina ya dawo, da madubina da kujerata. Na jira daɗin ya zo, bai zo ba. Abin da ya zo haushin kowa ne: haushinsa da bai gani ba, haushinta da ta sa ni a ciki, da haushin maƙwabciyar da ba ta tashi aron almakashi da safe ba. Na ce masa ya biya mu tafi, rana tana yi.

Zango na ƙarshe gona ce. Mai gonar wani tsoho ne mai dogon gemu da gajeren wando, ya tarbe mu kamar ya shekara yana jiranmu. Tun kafin mu sauke kaya ya ja mu bayan rumbunsa ya nuna mana abin alfaharinsa. Ɗaki ne na katako ba rufi, ƙasansa langa-langa. A jikin bangon daga waje an kafe wani keke marar tayar gaba a cikin siminti, sarƙarsa ta zarce ta shiga wani famfo. Sai wani ya hau keken yana tuƙawa ruwa yake hawowa daga tanki ya zubo wa na ciki. Tsohon ya ce da gangan ya yi shi haka, don a gonarsa ba mai yin wanka sai yana da wanda ya damu da shi. Mijina ya fassara wa Mama.

"Tambaye shi," in ji Mama, "wutar lantarki ta taɓa yi masa wani laifi ne?"

Mijina ya ce wa tsohon Mama ta yaba ƙwarai.

Ni tuni lissafi ya kama ni. In ni na hau keken, wa zai shiga da ita? Na kalle ta, ashe ta riga ni. Ta taɓa sakatar ƙofar ta girgiza kai.

"Wannan sakatar ba ta kamawa. Ba zan tuɓe ƙofa tana lilo ba, ga wannan mai gemun yana yawo da guntun wando. Amarya ta riƙe mini ƙofa daga ciki. Kai, Auta, hau keken."

Sakatar lafiyarta lau, amma bai duba ba. Fuskarsa ta washe kamar an yi masa kyauta. Ya naɗe ƙafar wando, ya gyara sirdi, ya hau. Na gane abin da yake ji, kuma ya taɓa ni. Shekara da shekaru yana son ya yi wa uwarsa abin da yake yi wa iyayen wasu, yau ga shi an ba shi dama, ko da daga bayan katako ne.

Muka shiga, ya fara tuƙi. Keken yana kuka ƙiiƙi-ƙiiƙi, famfon yana gwaf-gwaf, ruwa yana dukan langa-langa kamar ana ruwan sama a kan kwano. Tsakaninmu da shi katako ɗaya ne, har ina hango gwiwarsa tana hawa tana sauka ta wata tsaga. Da ya ɗan tsaya ya huta, ruwan ya ɗauke, wurin ya yi tsit, har numfashinsa muke ji.

"Lafiya dai, Mama?"

"Lafiya lau. Taka!"

Nan muka gane dokar wurin ba tare da mun faɗa wa juna ba. In ruwa yana zuba, a yi magana, ba ya ji. In ruwa ya tsaya, a kama baki.

Ruwan nan da ɗumi, ba kamar na tafki ba, Mama kuwa ranta fari tas. Ina cuɗa mata baya tana ba ni labarin abin da za ta yi in ta koma. Za ta sa a gyara mata bel ɗin keke, za ta sauya wa kujerun falo riga, za ta yi wa maƙwabciyar nan wankin babban bargo a kan tsegumi sannan ta ba ta tsaraba. Na sa mata sabulu a fuska, na ce ta rufe ido.

Ban ga lokacin da abin ya faru ba, ji na yi kawai ta tafi. Ƙafar hagu ta noƙe a ƙarƙashinta kamar an zare ta. Na saki soso na cafke ta ta hammata, muka tafi tare muka jingina da bango. Na zaci za ta yi mini nauyi. Ba ta yi ba, kuma rashin nauyin ne ya fi tsorata ni. Ta damƙe rigata da hannun dama, idonta a rufe saboda sabulu.

"Ba komai," ta ce a kunnena. "Haka take yi mini, yanzu za ta saki."

"Tun yaushe take yi miki haka?"

"Ba ruwanki. Mun yi magana da ke, Amarya."

"A kan hannu muka yi magana, ba ƙafa ba."

"Duk jikina ne. Tsayar da ni."

Sai ruwan ya tsaya.

Kukan keken ya mutu. Na ji hakin mijina a bayan katakon, na ji kaji suna tono can wajen rumbu, na ji ɗigon ƙarshe yana sauka a kan langa-langa. Mama ta buɗe ido ɗaya duk da sabulun, ta kalle ni, ta girgiza kai a hankali. Ba umarni ba ne wannan karon, roƙo ne, kuma ban taɓa ganin ta roƙi kowa ba.

Na san doka sarai. Abin da ya rage kawai in jira ya huta ya ci gaba da tuƙi, mu ƙarasa, in ɗaura mata ɗankwali, mu fito muna dariya. Ta koma gidanta, ni in koma ɗakina, kowa ya samu abin da yake so. Amma tana rataye a hannuna, jikinta yana ɗan rawa, ni kuma na san a can ba wanda zai cafke ta. Haushi ya taso mini, don na ga abin da zan yi, kuma ba na so.

Ban ɗaga murya ba, ba a buƙata.

"Mama," na ce, "hannunki na hagu ba ya ɗaguwa tun da kika faɗi. Yanzu ga ƙafar ma ta saki, ni nake riƙe da ke. Ba zan ƙara rufa miki ba."

Hakin da ke bayan katakon ya ɗauke. Ta tsagar na ga gwiwarsa ta tsaya cak a sama. Mama ta rufe idon da ta buɗe. Muka tsaya haka mu uku, ba mai motsi, har ƙafar ta dawo mata, na ji ta taka ƙasa da kanta.

"Mama?" in ji shi. Muryar ba ta masani ba ce, ta auta ce.

"Taka keken nan, Auta," ta ce. "Sabulu zai makantar da ni."

Ya taka. Tuƙin ya rikice, ya yi sauri ya yi sanyi, ruwan yana zuwa guntu-guntu, sannan ya daidaita. Ƙarar ta sake rufe mu. Na tara ruwa a tafin hannu na wanke mata fuska, ta bar ni.

"Kin kyauta," ta ce.

Na ƙara taro ruwa na wanke mata goshi.

"Ɗakin naki fa ya tafi."

"Na sani."

"Kuma kada ki ɗauka zan yi miki daɗin zama."

"Wannan ma na sani, Mama."

Na ɗauraye mata wuya da kafaɗa, na ɗaga hannun a hankali na wanke ƙarƙashinsa. Ta ƙura wa katakon da ke gabanta ido. Da ta sake magana muryar ta yi ƙasa, sai da na matsa kunnena na ji.

"Ban yi sallama da kowa ba," ta ce. "Da zan fito, cewa na yi musu ina zuwa."

A waje keken yana ta kuka, mijina yana ta tuƙi. Sabulun ya daɗe da fita, amma daga ni har ita babu wadda ta ce masa ya tsaya.